Dalilin da Ya Sa Manhajar Imel Ba Ta Tambayar Kalmar Sirri a Wasu Lokuta

Akwai wata tambaya da ake yawan ji a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da ofisoshin hakimai, da makarantu da asibitocin karkara, har ma a tsakanin manoma da 'yan kasuwa waɗanda suka fara hulɗa da wasiƙun imel. Mutum ya buɗe akwatin imel, ya zaɓi kalmar sirri, an kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa. To amma sai ya ga ranar farko kaɗai aka neme ta. Tun daga nan, da zarar ya taɓa alamar imel a waya ko a kwamfuta, sai wasiƙu su bayyana ba tare da an tambaye shi komai ba. Can wata rana kuma, ba zato ba tsammani, sai a ce ya rubuta kalmar, alhali kuwa ya daɗe da mantawa da ita.

Wasu sukan ɗauka makullin ne ya lalace. Wasu kuma su ɗauka na'urar ce ta gane fuskarsu. Gaskiyar magana ita ce, ba a taɓa daina neman shaida ba. Duk lokacin da za a karɓo sabuwar wasiƙa sai an nema, sai dai na'urar ce take ba da amsa a madadin mai akwatin, domin tun farko an damƙa mata makulli ta riƙe. Saboda haka duk wanda na'urar ta shiga hannunsa a buɗe, to akwatin ma ya shiga hannunsa. Wannan shi ne abin da muke son bayyanawa dalla-dalla, tare da matakan da ya kamata jama'a da jami'ai su ɗauka.

Yadda wasiƙa take isa hannun mai ita

Da yawa daga cikinmu mun san akwatin gidan waya. Wasiƙa takan zo ta kwanta a cikin akwatin, a can gidan waya, sa'annan ofis ya tura masinja da makulli ya buɗe ya kwaso. Imel ma haka yake. Wasiƙun ba a cikin waya ko kwamfutar mutum suke fara sauka ba. Suna sauka ne a wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba da akwatin, wadda ake kira uwar garke. Manhajar imel kuwa, kamar Outlook, ko Thunderbird, ko Gmail ta cikin waya, ita ce masinjan da ke zuwa ya kwaso.

Wannan tsari ya daɗe. A shekarar 1971 ne wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da muke gani a cikin kowane adireshi. A 1982 aka fitar da ƙa'idar aika wasiƙu mai suna SMTP. Ƙa'idar kwaso wasiƙu mai suna POP ta fito a 1984, kashinta na uku kuma, wato POP3, a 1988, yayin da Mark Crispin ya ƙirƙiro ƙa'idar IMAP a 1986. A dukkan ƙa'idojin kwaso wasiƙu, uwar garke ba ta miƙa ko wasiƙa ɗaya sai masinja ya nuna shaida. Abin tambaya shi ne: daga ina masinjan yake samun shaidar idan mai akwatin bai rubuta komai ba? Hanyoyin guda biyar ne.

Dalili na farko: manhajar ta ajiye kalmar sirrin

A ranar da ake saita akwatin, a ƙarƙashin gurbin rubuta kalmar sirri akan sami wani ɗan murabba'i mai cewa a tuna da kalmar. Sau da yawa akan tarar an riga an sa masa alama, ko kuma wanda ya taya mutum saitawa ya sa ba tare da ya yi bayani ba. Daga wannan lokaci manhajar za ta adana kalmar a cikin na'urar, ta riƙa miƙa ta da kanta duk bayan 'yan mintoci idan ta je duba sababbin wasiƙu. Waɗanda suka yi aiki da Outlook Express a zamanin Windows XP sun san wannan ɗan murabba'i sarai. A yau Windows tana da ma'ajiyar kalmomin sirri tata, na'urorin Apple suna da tasu, haka ma manhajojin shiga intanet, wato burauza, irin su Chrome da Firefox.

Ko da ba a sa alamar ba, wasu manhajoji sukan riƙe kalmar na ɗan lokaci matuƙar ba a rufe su ba. Shi ya sa magatakarda zai ga an tambaye shi da safe, amma ba a sake tambayarsa ba har lokacin tashi. Idan ya rufe manhajar gaba ɗaya, washegari sai ta sake tambaya.

Dalili na biyu: shaidar izini

Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa a yanzu. Mu ɗauki misalin wurin ajiye babura da kekuna a ranar kasuwa. Mutum ya ajiye babur ɗinsa, mai tsaro ya ba shi ɗan kati mai lamba. Idan an tashi daga kasuwa, mai tsaro ba ya tambayar suna ko takardun babur. Katin kawai yake dubawa. Duk wanda ya kawo katin, shi ne mai babur a wurinsa.

Haka uwar garke take yi. Bayan mutum ya rubuta kalmar sirrinsa daidai sau ɗaya, sai ta ba na'urarsa wata doguwar lamba a matsayin shaidar izini. Idan ta burauza ya shiga, ana ajiye shaidar a cikin wani ɗan guntun bayani da ake kira kuki, wanda Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro a 1994. Idan kuma ta manhajar imel ce, akan yi amfani da wani tsari mai suna OAuth, wanda aka tabbatar da kashinsa na biyu a 2012. A tsarin Google, shaidar da ake aiki da ita takan yi kimanin awa ɗaya ta ƙare, amma na'urar tana riƙe da wata ta biyu mai dogon zango, wadda take sabunta ta farkon da ita a ɓoye. Ta haka mutum zai yi shekara bai ga gurbin kalmar sirri ba.

Manyan kamfanonin imel sun karkata ga wannan hanya. Daga ranar 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin manhajojin wasu kamfanoni su shiga akwatunan Gmail na jama'a da kalmar sirri ta yau da kullum kaɗai. Microsoft ma ya fara rufe wannan tsohuwar hanya a akwatunan ma'aikatu na Exchange Online a watan Oktoba na 2022, sa'annan a akwatunan Outlook da Hotmail na jama'a a watan Satumba na 2024. Amfanin sabuwar hanyar shi ne, ana iya soke shaidar na'ura guda ba tare da an taɓa sauran ba, kuma kalmar sirrin kanta ba ta kwana a cikin manhajar. Amma fa a lura: rufe burauza ba ya soke shaidar. Wanda ya rufe shafin kawai ya tashi daga kan kwamfuta, tamkar ya bar katin babur ɗinsa ne a kan benci.

Dalili na uku: wasiƙun da aka riga aka kwaso

Wani lokaci babu intanet ko kaɗan, amma an buɗe manhajar sai ga wasiƙun jiya da na bara a jere. Wannan ba abin mamaki ba ne. Makullin gidan waya yana tsare akwatin da ke gidan waya ne kawai. Wasiƙun da masinja ya riga ya kawo ofis ya jera a kan tebur, ba ruwansu da wannan makulli. A tsarin POP ana sauke wasiƙun gaba ɗaya cikin kwamfuta, a tsarin IMAP kuma akan ajiye kwafinsu domin a karanta ko babu intanet. Saboda haka ko da manhajar ta tambayi kalmar sirri, mutum ya danna soke, sau da yawa zai iya karanta duk tsofaffin wasiƙun da ke ciki. Canja kalmar sirri ma ba ya goge su. Abin da ke tsare su shi ne makullin ita kanta kwamfutar ko wayar.

Dalili na huɗu: an riga an tambaya a bakin ƙofa

Baƙon da mai gadi ya tantance a ƙofar sakatariya, ba lallai ne a sake tsayar da shi a ƙofar kowane ofis ba. A ma'aikatun da aka haɗa kwamfutocinsu a tsari ɗaya, sunan da kalmar sirrin da ma'aikaci ya rubuta lokacin kunna Windows su ne suke buɗe masa akwatin imel na aiki. A wayoyin Android kuwa, adireshin Gmail da aka sa a ranar da aka saita wayar shi ne yake buɗe imel, da wurin sauke manhajoji, da ma'ajiyar hotuna da lambobin waya. Mutane da yawa a karkara suna da akwatin imel a buɗe cikin aljihunsu ba su sani ba, domin mai sayar da waya ne ya buɗe musu a ranar da suka saya.

Dalili na biyar: aikawa daban, karɓa daban

Akan sami wanda zai ce ana tambayarsa idan zai karɓi wasiƙa, amma ba a tambayarsa idan zai aika. Asalin wannan yana cikin tarihi. Ƙa'idar SMTP ta 1982 ba ta tanadi kalmar sirri ba ko kaɗan, domin a lokacin masu amfani da hanyar kaɗan ne, galibinsu a jami'o'i da cibiyoyin bincike. Sai a 1999 aka fitar da ƙarin ƙa'ida ta tantance mai aikawa. Kafin ta yaɗu, kamfanoni da dama sun yi wata dabara: wanda ya karɓi wasiƙa da kalmar sirrinsa, sai a buɗe masa hanyar aikawa na ɗan lokaci. Wasu kuma sukan yarda da duk kwamfutar da ke cikin layinsu. A yau manyan kamfanoni suna neman shaida wajen aikawa, sai dai manhajar takan yi amfani da shaidar da take da ita ta karɓa, shi ya sa mai aikawa ba ya ganin tambaya.

To me ya sa wata rana take tambaya?

Tana tambaya ne idan makullin da ke hannunta ya ƙi buɗewa. Hakan yakan faru idan an canja kalmar sirri a wata na'urar; ko an goge kuki wajen share burauza; ko shaidar ta ƙare, domin a tsarin Google shaidar da wata manhaja ta yi wata shida ba ta yi aiki da ita ba takan mutu; ko kuma kamfanin ya ga an shigo daga sabuwar na'ura ko wani wuri da bai saba gani ba, ya yi shakka. Wasu ma'aikatu kuma suna da dokar sabunta kalmar sirri lokaci-lokaci. Har ila yau, idan intanet yana yankewa, ko ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu har kwanan wata ya koma baya, wasu manhajoji sukan kasa shiga, su fito da gurbin kalmar sirri alhali kalmar lafiyarta lau. A irin wannan hali a fara duba agogo da layin intanet kafin a ce an manta.

Akwai kuma tambayar da ba ta halal ba. Idan saƙo ya shigo yana cewa za a rufe akwati, ko an ci wata kyauta, ko sunan mutum ya fito a jerin masu samun tallafi, sa'annan aka ce a danna wani wuri a rubuta kalmar sirri, to wannan tarkon 'yan damfara ne. Kada a rubuta. A rufe saƙon, a shiga akwatin ta hanyar da aka saba.

Ina haɗarin yake?

Wani zai ce, ai ni ba ni da wani sirri a imel. To a sani cewa akwatin imel shi ne uwar makullai. Idan an manta kalmar sirrin Facebook, ko ta shafin neman aiki, ko ta neman gurbin karatu, galibi ta imel ake aiko da hanyar sake ta, bankuna kuma ta nan suke aiko da bayanan shige da ficen kuɗi. Wanda ya mallaki akwatin yana iya mallakar sauran ɗaya bayan ɗaya.

A ofis kuma lamarin ya fi nauyi. A ce an yi wa ma'aji canjin wurin aiki, ya tafi ya bar akwatinsa a buɗe a kwamfutar ofis, ko kuma ya tafi da wayarsa alhali akwatin ofis yana buɗe a cikinta. A hali na farko, duk wanda ya zauna a kujerar yana iya aika wasiƙa da sunansa, ranar bincike kuma shi za a tuhuma. A hali na biyu, zai ci gaba da ganin jerin albashi da takardun kwangila na ofishin da ya bari. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci a kan yin sojan gona da sunan wani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ba ta wuce na'urar da aka bari a buɗe ba.

Abin da muke kira ga jama'a su yi

Na ɗaya, a sa wa waya makulli, na lamba ko na zanen yatsa, musamman kafin a kai ta wurin mai caji ko a ba yara. Wannan makullin shi ne ainihin mai gadin akwatin.

Na biyu, idan an shiga imel a shagon intanet ko a na'urar wani, kada a amince a tuna da kalmar sirri, kuma kafin a tashi a danna wurin fita, wanda da Turanci ake rubuta Sign out a kansa. A tsaya a ga gurbin kalmar sirri ya sake fitowa, sa'annan a tashi.

Na uku, wanda wani ya buɗe masa akwati ya canja kalmar sirrin da kansa, ya kuma tabbatar lambar wayar da aka sa domin ceto akwatin tasa ce, ba ta mai shago ba. Idan ya daina amfani da layin, ya cire lambar, domin kamfanonin waya sukan sake sayar da layin da ya daɗe a kashe.

Na huɗu, a rubuta kalmar sirri a takarda a adana ta a gida tare da muhimman takardu. Rashin tambaya yana sa mantuwa, ranar da waya ta ɓata kuma a nan ake gane haka.

Na biyar, kafin a sayar da waya ko a kyautar da ita, a fara cire akwatin daga cikinta, sa'annan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Tun daga 2015 wayoyin Android suna da tsarin da kan sa wayar ta nemi tsohon akwatin idan an goge ta ba tare da an cire shi ba, wanda hakan kan jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Na shida, idan waya ta ɓata, a hanzarta shiga akwatin ta wata na'urar a canja kalmar sirri, a duba jerin na'urorin da ke da izini a sashen tsaro, a fitar da wadda ta ɓata. A kuma duba ko an sa umarnin tura kwafin wasiƙu zuwa wani adireshi, domin irin wannan umarni ba ya mutuwa da canjin kalmar sirri.

Na bakwai, a kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda Google ya samar wa jama'a tun 2011, inda ban da kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba ko amincewa ta waya. Amma a sani cewa tana tare baƙon da ke son shiga daga sabuwar na'ura ne. Ba ta tare wanda ya ɗauki wayar da ta riga ta shiga.

Abin da muke kira ga jami'ai su yi

A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, kowane ma'aikaci ya kasance da nasa suna da kalmar sirrin shiga Windows, ya kuma kulle fuskar kwamfutar duk lokacin da zai tashi, ko da alwala zai je. Danna maɓallin mai tambarin Windows tare da harafin L ya wadatar. Masu amfani da Thunderbird su sa babbar kalmar sirri da manhajar ta tanada domin kulle kalmomin da ta ajiye, amma su tuna cewa ba ta ɓoye wasiƙun da aka riga aka sauke.

Kada a gudanar da aikin hukuma ta akwatin imel na kashin kai. A cikin takardar miƙa aiki, kamar yadda ake lissafa makullan ofis da hatimi da fayiloli, a sa akwatin imel na ofis: wanda ya karɓa ya canja kalmar sirri a ranar, ya fitar da na'urorin wanda ya gada, ya sa lambar ceto ta yanzu. Haka kuma kafin a kai kwamfuta gyara ko a yi gwanjonta, shugaban sashe ya tabbatar an fita daga akwatunan da ke cikinta, an kuma kwashe ko an goge wasiƙun da aka sauke.

Kammalawa

Rashin tambayar kalmar sirri sauƙi ne da aka yi wa mai akwati domin kada ya riƙa rubuta ta sau ashirin a rana, kuma a na'urar da mutum ya mallaka shi kaɗai, ya kuma kulle ta, babu laifi a cikinsa. Abin da muke so kowa ya yi a yau shi ne ya zauna ya lissafa: a na'urori nawa akwatina yake buɗe, kuma a hannun wa kowace ɗaya take a yanzu? Duk wadda ba ta hannunsa, ya shiga sashen tsaro ya fitar da ita tun kafin ya kwanta. Muna roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin sassa na ƙananan hukumomi, su isar da wannan bayani ga waɗanda ke ƙarƙashinsu, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.